Meyer ko Eureka: wanda zai rayu a bakin tagar falo

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tsakanin lemun Meyer da lemun Eureka da kika gani a wurin masu sayar da dashe, kina neman wanda za ki rena a tukunya cikin ɗakinki a Landan, ki ɗauki Meyer, kada ki tsaya dogon tunani. Na mallaki duka biyun a nan Manchester, a falo ɗaya kuma a bakin taga ɗaya. Ɗaya yana nan har yau yana ba ni 'ya'ya, ɗayan kuwa kuɗina kawai ya ci.

Meyer ɗina na saye shi hunturu biyar da suka wuce, a ƙarshen watan Janairu, tsawonsa bai wuce gwiwata ba, na riƙo shi tsakanin ƙafafuna a cikin bas ina kare shi da gefen mayafi saboda iskar da ke shigowa duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Bai cika wata biyu a gidan ba ya fara ƙulla fure, kowane ƙulli da ɗan launin shunayya a bayansa. Ran da suka buɗe, maigidana ya sauko da asuba, ya tsaya a ƙofar falo yana tambayata wane sabon turare na sayo na ɓoye masa, alhali ko garwashi ban kunna ba. Tunda babu ƙudan zuma a cikin ɗaki, sai na ari ɗan buroshin fentin 'yata ina shafa garin furen daga wannan zuwa wancan kowace safiya. Fure ɗaya na lemo yana ɗauke da namiji da mace a jikinsa, saboda haka kada wani mai sayarwa ya ce miki sai kin sayi bishiya biyu kafin ki ga 'ya'ya.

Sun ƙullu wajen 20, kowanne kamar ƙwayar wake, sai suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, ina tsintar su a kan darduma raina a ɓace. Ashe bishiyar ce take rage wa kanta kaya, domin ƙaramar bishiya ba ta iya ciyar da duk abin da ta ƙulla. Guda 5 suka tsaya, na cire 2 da hannuna, na bar 3. Sai da na jira kusan wata 9 kafin suka nuna, kuma a kan bishiya ake jiran lemo, ba kamar mangwaro ba ne da za a tsinka a rufe shi a kwali ya ƙarasa nuna. Na farkon da na yanka, ɓawonsa siriri ne mai santsi, launinsa ya kusa ƙwaiduwar ƙwai, ruwa ya zubo mini har wuyan hannu. Mu huɗu muka raba shi a shayin dare, kowa da yankinsa, kamar wani abin biki.

Dalilin da ya sa yake da haƙuri da zaman tukunya yana cikin asalinsa. Wani ma'aikacin hukumar aikin gona ta Amurka mai suna Frank Meyer ne ya same shi a kusa da Beijing ta ƙasar Sin, ya kai shi Amurka a 1908, kuma a can Sin ɗin ma a tukunya ake ajiye shi don ado. Ba tsantsar lemun tsami ba ne, yana da jinin dangin tanjarin a jikinsa, shi ya sa yake da ƙaramin jiki, yake bazuwa kamar kurmi maimakon ya miƙe sama, yake kuma jure sanyi fiye da 'yan'uwansa. A shekarun 1940 an gano cewa yawancin bishiyoyinsa a Kalifoniya suna ɗauke da wata cutar lemo mai suna tiristeza ba tare da su kansu sun nuna alama ba, aka sare su da yawa, sannan a 1975 Jami'ar Kalifoniya ta fitar da tsabtataccen iri, wanda shi ne ake rubuta wa Improved Meyer a jikin takarda. In kin ga wannan suna, shi ne wanda kike nema.

Aibinsa guda ɗaya zan faɗa miki tun yanzu don kada ki zarge ni daga baya. Bai da tsamin da muka saba da shi. Abin da muke kira lemun tsami a gida, ɗan ƙaramin koren nan da ake kasawa a bakin kasuwa, wani nau'i ne daban, kuma ya fi duka waɗannan biyun tsoron sanyi. Meyer tsaminsa sassauƙa ne, da ɗan zaƙi da ƙamshi a ƙarshensa. A shayi, a zoɓo, a kan gasasshen kifi, babu kamarsa. Amma in ƙarnin ɗanyen kifi kike son kashewa, ki ci gaba da sayen na kanti.

Eureka kuwa, in za a yi masa adalci, irin lemun da kike gani a kanti ne, tsaminsa na gaskiya ne, ƙayarsa kaɗan ce, kuma tun da aka shuka irinsa a Los Angeles a 1858 yake ciyar da gonaki. To, amma bishiyar gona ce. Nawa na saye shi bayan mai sayarwa ya rantse mini cewa gajere ne, cikin shekara guda ya fitar da dogayen rassa har sandar labule, ganye a can ƙarshensu kawai, ya ba ni 'ya'ya 2, ya tsiyaye a hunturu na biyu. Daga baya na fahimci cewa gindin da ake aura wa lemo don ya zauna gajere na gaske, wanda ake kira Flying Dragon, ba ya jituwa da Eureka, mahaɗin yakan lalace bayan 'yan shekaru. Wanda yake da ɗakin gilashi a bayan gida ya saye shi. Ni ba zan sake ba.

Sai dai zaɓen iri rabin aikin ne kawai, domin ni kaina na kusa kashe Meyer ɗin a hunturunsa na biyu, kuma da ƙauna na kusa kashe shi. Ina ganin ganye ya fara zuba, sai na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Ya ci gaba da zuba, na ce sanyi ne, na matsar da shi kusa da hita. Cikin mako 3 sauran ganye bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Da na zare shi daga tukunya, wani wari mai tsami ya bugi hancina, ƙasar ta zama taɓo, saiwoyin ƙasa sun yi baƙi-baƙi, in na ja su sai fatar ta saɓule ta bar wani zare siriri a hannuna. Lafiyayyar saiwar lemo tana da ƙwari, launinta kamar na madara ko ruwan ƙasa mai haske. Na datse duk ruɓaɓɓun da almakashi, na sake masa sabuwar ƙasa a ƙaramar tukunya, na rabu da shi. A watan Afrilu toho ya fara fitowa a jikin rassan da na ɗauka sun mutu. Abin da ya tsallake ke nan, wanda Eureka bai tsallake rabinsa ba.

Ƙa'idar ruwa da na koya daga wannan wahala ba ta da alaƙa da ranakun mako. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji damshi, ki bar shi, in kin ji bushewa, ki zuba ruwa sosai har ya fito ta ramukan ƙasan tukunya, sannan ki zubar da wanda ya taru a faranti, kada gindin ya kwana a ciki. Ɗaga tukunyar ma yana faɗa miki gaskiya, domin bayan 'yan makonni hannunki zai san nauyinta a jiƙe da nauyinta a bushe. A lokacin zafi nakan ba nawa ruwa kusan kowane kwana biyu, a tsakiyar hunturu kuwa yakan yi kwana 10 ban taɓa shi ba. Ruwan ma kada ya zama mai sanyin famfo kai tsaye, ki tara shi ya kwana a ɗaki.

Tunda a Landan kike, akwai wata matsala da ni ba ni da ita. Ruwan famfonmu a Manchester daga tafkunan arewa yake zuwa, ba shi da alli sosai, naku kuwa shi ne mai barin farin ɓawo a gindin butar shayi. Lemo yana son ƙasa mai ɗan tsami, wajen 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin tsamin ƙasa, kuma ruwa mai alli yana rage wannan tsami a hankali har saiwa ta kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe ko da yana nan cikin ƙasar. Alamar ita ce sabon ganye ya fito rawaya fayau amma jijiyoyinsa suna nan kore shar. Ki ajiye bokiti a waje ki tari ruwan sama, wanda Allah bai hana ƙasar nan ba. In kuwa tsofaffin ganyaye na ƙasa ne suka koɗe gaba ɗaya, har da jijiyoyin, wannan yunwa ce. Lemo mai ci ne ƙwarai, a tukunya kuma ba shi da inda zai miƙa saiwa ya nemo. Ana sayar da takin lemo kala biyu a nan, na lokacin zafi mai yawan naitirojin da ake ba shi daga ƙarshen Maris zuwa Oktoba, da na hunturu mai sauƙi. Ki bi ma'aunin da ke jikin kwalba, kuma kada ki zuba taki a busasshiyar ƙasa ko ga bishiyar da ke jinya.

Babbar magana ita ce haske, kuma a nan ne nake so ki dubi ɗakinki da idon gaskiya kafin ki fitar da kuɗi. Lemo yana son rana ta buge shi kai tsaye wajen awa 8 a yini. A tsakiyar watan Disamba, yinin Landan gaba ɗaya bai kai awa 8 ba, kuma kin san yadda sararin yake, kamar an rufe shi da tsohon bargo. Tagar da ke fuskantar kudu ita ce wurinsa, dab da gilashi, ba a kan teburin tsakiyar falo ba, domin taku biyu daga taga hasken ya riga ya ragu ƙwarai ko da idonki bai gane ba. In tagoginki arewa suke kallo, ki sa kuɗin fitilar shuka cikin lissafi tun daga farko, ki kunna ta wajen awa 12 a yini daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ni na haɗa tawa da ɗan agogon soket mai kunna ta da kashe ta da kansa. Nakan kuma juya tukunyar kaɗan duk mako don kada bishiyar ta karkace ta bi taga.

Zubar ganyen hunturu, wadda take tsorata kowane sabon shiga, yawanci daga rashin daidaito tsakanin sama da ƙasa take zuwa. Saiwar lemo tana kusan daina aiki in ɗumin ƙasar tukunya ya sauka ƙasa da digiri 13 na ma'aunin Selsiyos. To, ki duba bishiyar da ke zaune a kan dandamalin taga mai sanyi, ko a kan tayil, ga hita tana busa wa ganyenta busasshen zafi kamar na watan Maris a gida: ganye yana zubar da ruwa, saiwa tana barci ba ta aiko da wani ba, sai bishiyar ta yar da ganyen don ta tsira. Mai ita kuma ya ga haka ya ƙara ruwa, saiwar da ke barci ta ruɓe. Mafita biyu ce. Ko dai ki ajiye shi a wuri mai haske da sanyi-sanyi, wajen digiri 10 zuwa 15, kamar baranda mai gilashi ko ɗakin da ba a kunna wa hita, ki rage ruwa, ya yi hutunsa. Ko kuma ki bar shi a falo mai ɗumi, amma ki ɗaga tukunyar daga ƙasa a kan katako, ki nisanta ta da hita, ki ba shi fitila. Lemo irin su Eureka ba a son dare ya sauka musu ƙasa da digiri 10, Meyer kuwa yana iya jure har wajen digiri 5, kuma wannan tazara ce take ceton sa a gidajen haya da ake kashe hita da dare.

Game da tukunya ba zan tsawaita ba. Ta kasance da ramuka a ƙasa, ta fi wadda ya zo a ciki da kaɗan kawai, domin babbar tukunya tana riƙe ruwan da ƙaramar saiwa ba za ta iya shanyewa ba. Ta yumbu marar fenti ta fi dacewa da mai saurin ba da ruwa, tunda tana numfashi kamar randa. Ƙasar ta zama ta lemo da ake sayarwa a buhu, ki ƙara mata tsakuwa ko ɓawon itace don ruwa ya wuce da sauri. Kada ki binne wuyan bishiyar fiye da inda yake a da, kuma sauyin tukunya a farkon bazara ake yin sa, duk shekara biyu ko uku.

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa, domin masu sayar da lemon tukunya akwai marasa tsoron Allah a cikinsu. Na farko su ne masu sayar da ƙwayar iri a intanet da hoton wata 'yar bishiya da ba ta kai tsawon hannu ba amma ta yi lodin 'ya'ya. Lemon da aka shuka daga ƙwaya yakan yi shekaru masu yawa, sau da yawa fiye da 7, kafin ya yi fure, a cikin ɗaki ma yana iya ƙin yi har abada, ga manyan ƙayoyi, kuma ƙwayar Meyer ba lalle ta haifi Meyer ba. Kin san bambancin mangwaro ɗan aure da wanda ya tsiro a bola. Haka abin yake a nan. Na biyu su ne masu rena irin waɗannan tsire-tsiren ƙwaya su sayar da su a matsayin masu aure. Ki duba gindin, wajen tafin hannu ɗaya daga ƙasa, za ki ga ɗan kumburi ko karkacewa inda aka haɗa su. Meyer dai ana yawan dasa shi daga yankan reshe, wanda ba zai nuna mahaɗi ba kuma ba laifi ba ne, amma a wannan hali kada ki biya sai kin ga fure ko 'ya'ya a jikinsa da idonki.

Na uku su ne masu wasa da takarda. In an rubuta lemo kawai ba tare da sunan iri ba, ki ajiye shi. Akwai wani ɗan ƙaramin lemo mai suna kalamondin da ke cika shaguna lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, kyakkyawa ne kuma yana da sauƙin reno, amma 'ya'yansa ƙanana ne masu launin lemun zaƙi, kuma ba shi kika fito nema ba. Kalmar gajere ma, kamar yadda ta faru da ni, ba ta da wani nauyi in ba a faɗi gindin da aka aura masa ba. Dokar ƙasar nan ta tanadi wata 'yar takardar shaida da ake kira fasfon shuka, wadda dole ta biyo dashen da aka sayar ta intanet. In mai sayarwa ya fara kame-kame a kanta, ki wuce. Kuma kada ki roƙi wani ya ɗauko miki dashe daga gida a cikin akwati, domin ba a shigo da shuka mai rai ba tare da takardar lafiyarta ba, kuma dangin lemo suna cikin waɗanda ake sa wa ido saboda cututtuka.

Kafin ki biya, ki juya ganyayen ki duba bayansu, ki bi jijiyar tsakiya da farce. In kin ga wasu ƙananan ƙuraje masu launin ƙasa da ke ɓantarewa, ba ƙuraje ba ne, ƙwari ne masu sulke da ke tsotsar ruwan bishiya. In ganyen yana danƙo kamar an yayyafa masa ruwan sukari, irin darɓar da ke kama dawa, suna nan ko ba ki gan su ba. Akwai kuma farin ƙwaro mai kama da ɗigon auduga a hammatar reshe, da wasu 'yan mitsi-mitsin jajayen gizo-gizo da ke son busasshiyar iskar hita, waɗanda ake ganewa da siririyar yana da ɗige-ɗigen fari a ganye. Nawa sun taɓa kama shi, na kai shi banɗaki na yi masa wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi bayan na ɗaure tukunyar da leda, na goge masu sulken ɗaya bayan ɗaya da auduga da ruwan sabulu, na maimaita duk mako har sau 4. Ki kuma ɗan jijjiga gindin a hankali. In yana rawa a cikin ƙasa, kwanan nan aka cusa shi a tukunyar, saiwarsa ba ta kama ba.

In dashen mai aure ne, wata rana za ki ga wani reshe mai ƙarfi ya fito daga ƙasan mahaɗin, wani lokaci da ganye mai kunne uku. Na gindin ne, ba na lemonki ba, ki fizge shi tun yana ɗanye, in ba haka ba zai ƙwace abincin ya bar miki bishiyar ƙaya.

Duk da ana ce masa lemon ɗaki, kada ki tsare shi a ciki shekara cur in kina da ko ɗan baranda. Ko a fadar Versailles ta Faransa, inda aka gina wa Sarki Louis na 14 katafaren ɗakin lemo tsakanin 1684 da 1686, a cikin akwatuna ake ajiye bishiyoyin, a fitar da su waje lokacin zafi, a mayar da su ciki da hunturu. Nawa yana fita a farkon Yuni, bayan an daina fargabar daskarewar dare, ya yi mako guda ko biyu a inuwa tukuna don kada rana ta ƙona ganyen da ya saba da ɗaki, ya dawo ciki a ƙarshen Satumba bayan na wanke shi tas. Watanni huɗun nan su ne suke tara masa ƙarfin da yake ci har Fabrairu.

Saboda haka ki jira zuwa Afrilu ko Mayu in za ki iya, ki je da ƙafarki wurin masu renon dashe maimakon ki saya daga hoto, ki zaɓi Meyer ɗan shekara 2 ko 3 mai duhun ganye, wanda furensa ya fi 'ya'yansa yawa. In kin kawo shi gida, ki ajiye shi a tagar kudu cikin tukunyar da ya zo da ita, kada ki sauya masa ƙasa, kada ki ba shi taki har mako 2. Zai zubar da 'yan ganyaye saboda baƙunta. Ki tsince su ki zubar, ki tura yatsa cikin ƙasar kafin ki ɗauko butar ruwa.